Allah Ya Ja Zamanin Laburarenmu

Makon jiya baƙi suka tafi. Masu tantance kwasa-kwasai ne daga Abuja, waɗanda a nan muke kira 'yan akiraditeshan, kuma an ce sun yaba da laburarenmu ƙwarai da gaske. Tun ranar nake kasa kunne in ji wani daga cikin manyanmu ya miƙe ya yi wa wannan gida godiyar da ta dace da shi, shiru kake ji. To, yabon gwani ya zama dole. Bari ni ƙaramin malami, wanda ya shekara shida yana jan digirin digirgir a inuwar wannan gini, in sauke nauyin. Sunan jami'ar dai ba zan faɗa ba, saboda tsoron kambun baka. Abin arziki ɓoye shi ake yi.

Wanda bai ga laburarenmu a kwanaki ukun zuwan baƙin nan ba, ya yi asarar kallo. Saura mako biyu baƙi su iso aka shafe bangon gaba da fenti, daidai inda ido ke kaiwa daga bakin ƙofa. Bangon baya aka bar masa kayansa, tunda ba a san baƙo da leƙe-leƙe ba. Ana gobe za su zo, bayan la'asar, motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar baya, aka yi ta sauke kwalaye. Sababbin littattafai ne fil, wasu daga ofisoshin farfesoshi, wasu daga kantin wani bawan Allah a cikin gari, wasu kuma daga wata makaranta 'yar'uwa, wadda mu ma muka taimaka wa bara da nata bikin ya tashi. Zumunci ke nan, ai biki buduri ne. Har tsakar dare ma'aikata na jera su a kantocin gaba, suna manna musu lamba da ɗan salatif yadda za ta ɓanɓaru ba tare da ta bar tabo ba. Wannan ƙwarewa ce da ba a koyarwa a aji.

Da gari ya waye janareto ya tashi, fankoki suka juya. Wata fankar da tun da na zo jami'ar nan na ɗauka ado ce, ashe tana da rai. Aka zaɓo ɗalibai masu tsafta aka zaunar, kowa da littafi a gabansa. Na ga wata yarinya ta zuba wa wani ƙaton littafin haɗa magunguna ido, ta yi tagumi irin na masu zurfin tunani, littafin kuwa ko ledarsa ba a yage ba. Allah Ya yi mata albarka, ta fi wasunmu sanin ciwon makarantarta. Baƙi suka zaga, suka gyaɗa kai, suka ci kaji, aka raka su mota. Kafin ƙurarsu ta lafa a-kori-kura ta dawo ta kwashe kayanta cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Masu cewa zanen aro ba ya rufe katara, su zo su ga yadda namu ya rufe, har ya yi saura.

Yanzu gida ya koma hannun masu shi, kuma a nan ne ainihin kyansa yake.

Ƙarfe takwas ake buɗewa, in ji allon da ke bakin ƙofa. Mai mabuɗi kuwa mutum ne mai tausayi, ya san ɗalibi na bukatar hantsi a jikinsa, don haka yakan bar mu mu sha shi har tara da rabi. Da an buɗe sai rububi. Baƙo ya gani sai ya ce lallai yaran nan ƙishin ilimi ke damunsu, yadda suke ture juna suna gudu. Soket suke nema. Guda bakwai ne masu aiki a babban zaure, kowa ya san inda suke, kuma wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Kan kowane soket sai ka ga an laƙa wata waya mai baki shida, kan ta an laƙa wata, wayoyi sun yi tsibi kamar ƙudaje a kan mangwaro. Ban san wata ma'aikata a ƙasar nan da take yi wa talaka hidimar caji kyauta kamar wannan ba, in dai an kawo wuta.

Wutar ma ba a barin ta ta sangarta mu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i da dama kuma suka wayi gari a cikin rukunin. Dizal ma ba a magana. Da shugabanninmu suka zauna neman inda za a tsuke bakin aljihu, basirarsu ta kai su ga gidan da ya fi kowa haƙuri. Ofis ba ya yiwuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, saboda takardun alawus ba sa son zafi. Littafi kuwa tun fil azal da fitilar aci-bal-bal aka san shi. Saboda haka yanzu ana rufewa kafin magariba, masu karatun dare su tafi ƙarƙashin fitilar sola ta bakin titi, su da sauro, su samu ladan wahalar neman ilimi cikakke.

Sai maganar barci. Likitoci na ta fama da masu rashin barci, ba su san magani na nan kusa ba. Ka shigo da misalin ƙarfe biyu a watan Afrilu, ka haura sama sashen mujallu, inda tagogi suka ƙi buɗuwa tun da aka yi musu fenti. Kawuna ne a kife kan tebura reras, kamar an yi ruwa an ɗauke. Allon da ke cewa a yi shiru bai taɓa samun biyayya irin wannan ba a duniya. Can lungun kundaye kuma samari da 'yan mata ne ke raɗa, littafi ɗaya a tsakaninsu, shafi ɗaya tun safe. Na san aure uku da aka ƙulla a lungun nan, har da rabo. Wane sashe ne a jami'ar zai nuna sakamako irin wannan a ƙasa?

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne riƙon amana. A wasu ƙasashe, an ce, sakaci ya kai a bar kowa ya ɗauki littafi ya tafi da shi gida, ya buɗe, ya lanƙwasa, har ya karanta. Mu nan Allah Ya tsare mu da wannan wulaƙanci. Bari in ba da abin da ya faru da ni.

Ranar wata Talata na tashi neman ƙamusun Bargery, wanda aka buga a 1934, don wata kalma da ta tsaya mini a wuya a babi na uku na kundina. Na fara da akwatin kati, wannan doguwar durowar katako mai ƙananan aljihuna, aikin kafintan da ya san abin da yake yi. Katin na nan, an buga shi da tafireta, ya yi ja don tsufa, ga lambarsa ta sashen PL inda harsunan Afirka ke zaune a tsarin da jami'o'inmu suka aro daga laburaren majalisar Amurka. Na haura, na bi kantar daga farko zuwa ƙarshe. Na ga littafin kiwon kaji, na ga rahoton ƙidayar 1963, na ga takalmi ƙafa ɗaya. Ƙamus dai babu. Na sauko wurin Hajiyar da ke kan tebur, tana tsinke zogale a cikin faranti.

"Hajiya, barka da aiki. Bargery nake nema."

"Wane ne haka? A wane sashe yake aiki?"

"Ƙamus ne, Hajiya."

"Au, to. Malam, ka duba kati?"

"Na duba. Katin na nan."

"To ai shi ke nan, in katin na nan littafin na nan."

Wannan magana ta kwantar mini da hankali ƙwarai. Imani da gaibu ke nan. Da na matsa, ta ce wataƙila yana ɗakin ajiya na musamman. Mabuɗin ɗakin na hannun wani jami'i. Jami'in ya tafi salla. Na yi sallar ni ma na dawo, ya wuce banki. Laraba yana taro. Alhamis an yi masa rasuwa a ƙauye, Allah Ya ji ƙan musulmi. Juma'a kuwa ai rabin rana ce, babu mai hankalin da zai tada maganar ƙamus. Litinin na same shi, mutumin kirki, har ya ba ni kujera. Ya buɗe ɗakin, muka shiga, wani wari mai daraja ya tarbe mu, na jemage da tsohuwar takarda. Ga Bargery can a sama, lafiya lau daga waje. Na sauko da shi, na buɗe wajen harafin da nake nema, sai gari ya zubo mini a riga.

Gara ce. Ta shiga ta bangon baya, ta bi ta haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta yi hanyoyi masu kyau kamar taswirar birni. A nan ya kamata a tsaya a yi adalci. Cikin duk masu mu'amala da laburaren nan, gara kaɗai ke fara littafi ta kai ƙarshensa. Ba ta neman soket, ba ta barci, ba ta tafiya yajin aiki. A 2022, da ƙungiyar ASUU ta rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ita ce ta riƙe mana bincike ba dare ba rana. Mun ba wasu digirin girmamawa da ba su kai ta hidima ba.

Jami'in ya karɓi ƙamusun, ya hure shi, ya mayar inda yake, ya ce, "Ka gani ko, Malam? Da a waje yake da tuni yaran nan sun sace shi." Gaskiyarsa. Kuma ba zan zalunci yaran ba, su ma suna da tasu gudummawar. Akwai mai zuwa da reza ya yanke babin da za a tambaya a jarrabawa, don ya rage wa 'yan ajinsu nauyin karatu. Akwai mai ɗauke littafin shari'a ya kai shi sashen aikin gona ya ɓoye bayan rahoton takin zamani, inda shi kaɗai ya sani, ya gama digirinsa ya tafi bautar ƙasa da sirrin a cikinsa. Duk wannan na faruwa a ƙarƙashin kulawar Baba mai gadi, wanda ke zazzage jakar kowace yarinya a bakin ƙofa har ya ga kwalli da man leɓe, alhali littattafan ta tagar banɗaki suke fita.

Masu son tarihi su ma an tanadar musu. Ka je sashen mujallun kimiyya, ka bi su shekara bayan shekara, an ɗinke su da bango mai kauri da rubutun ruwan zinariya: 1978, 1979, 1980, haka dai har tsakiyar shekarun 1980, sai su tsaya cak. Ba sai an gaya maka abin da ya faru ba. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja, laburare na iya yin odar mujalla daga Landan ko Amsterdam ta zo masa ta gidan waya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, kuɗin odar ya gagara. A 1990 har bashin dala miliyan 120 aka karɓo daga Bankin Duniya don jami'o'in tarayya, sayen littattafai da mujallu na ciki. Abin ya ɗan motsa, ya sake kwanciya. Wani laburaren da ya cike giɓin ya ɓata shaida. Namu ya bar komai yadda yake, don ɗalibin tattalin arziki ya ga darasinsa da idonsa, gani ya kori ji. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta kuma ya samu gatan sanin asali, littafin da ya fi sabunta a kantarsa yana yi masa albishir da zuwan faifan fulofi.

Kada wani ya ce ba a tafiya da zamani. Muna da ɗakin kwamfuta, wanda aka yi bikin buɗewa da yankan ƙyalle da 'yan jarida. Kowa ya san akwai asusun TETFund, wanda aka riƙa tara wa kuɗi daga harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, harajin da ya faro daga kashi 2 cikin 100 ya kai kashi 3 a 2023, kuma akwai kason da yake warewa musamman don laburare. Kuɗi dai sukan zo. Abin da ya rage shi ne hikimar masu karɓa, mu kuwa a nan Allah Ya hore mana ita. Kwamfutocinmu suna nan a jere, kowace an lulluɓe ta da leda kamar amarya, ba a bari ƙurar hunturu ko yatsan ɗalibi ya taɓa su. Lambar sirrin shiga rumbun mujallun intanet tana wurin mutum ɗaya, ya kuwa riƙe amana har ya yi ritaya da ita. Inda ruwa ke zuba a kusurwar ɗakin an ajiye bokiti biyu da baho, ana kwashewa a kan lokaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun sani sarai, shekara tara ke nan muna sane.

A nan dole in yabi kaina da 'yan'uwana malamai, don tawali'u ma in ya yi yawa ƙarya ne. Mu ne muka raba ɗalibi da wahalar hawa bene. Me zai kai shi neman littattafai biyar masu saɓa wa juna, su rikita masa tunani, alhali ga handawut ɗina mai shafi arba'in a wurin mai fotokwafi, kuma daga cikinta tambayoyi za su fito? Ni ma daga ta malamina na kwafo, shi ma daga ta nasa, isnadi ne mai ƙarfi wanda bai yanke ba tun zamanin da mujallun can suka tsaya. A ƙarshen kowace takardar kwas nakan jera littattafai goma sha biyu da ya kamata a duba. Ban taɓa hawa in ga ko akwai su ba. Su ma ɗaliban ba su taɓa kunyata ni da tambaya ba. Tarbiyya ke nan.

Sashe ɗaya ne kawai ba ya rabo da masu karatu na gaske, wato lungun kundaye, can gefen masoya. Duk ɗan ajin ƙarshe sai ya kai ziyara. Ya ɗauko kundin wani da ya yi bincike a kan matsalar ruwan sha a wata ƙaramar hukuma shekara goma da suka wuce, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayar da ya caja a ƙasa, ya kai shagon buga takardu, a cire sunan waccan ƙaramar hukuma a sa tasa. Kuma ba a yi ƙarya ba, don matsalar ruwan na nan a duka biyun. Na taɓa duba wani kundi da mai shi ya gode wa mahaifiyarsa a shafin sadaukarwa, ya yi mata addu'ar samun rahamar kabari, alhali ranar kare kundin ita ta kawo mana dambu. Ya manta ne bai canza wannan shafin ba. Mun ba shi sakamako mai kyau, saboda biyayya ga magabata.

Wasu 'yan baƙin ciki sukan kawo mana zancen mutanen da. Wai Shehu Usmanu da jama'arsa, da suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, littattafai na cikin abin da suka ɗora wa raƙuma. Wai shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun rubuta ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi, wasu ma a tsakiyar yaƙi. Wai Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 don kada takardun tarihinmu su salwanta, wai a Zariya an tara tsofaffin rubuce-rubucen hannu ana ɗaukar hotonsu. To, sai me? Su ai ba su da soket. Wanda ba shi da abin yi dole ya karanta. Mu da Allah Ya ɗaukaka, gini muke yi mai hawa uku mu sa wa littafi kwaɗo, ya huta mu huta.

Kuma ba mu kaɗai ba ne, da na gaba ake gane zurfin ruwa. A 2006 aka ba da kwangilar gina hedikwatar Babban Laburaren Ƙasa a Abuja, a tsakiyar birni, kusa da manyan gine-ginen da aka fara bayansa aka gama. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa shiga jami'a ginin bai kammala ba. Ƙasar da ta iya wannan haƙuri da uwar laburare, ba za a zarge ta da gaggawa a kan 'ya'yan ba. Mu dai koyi muka yi, kuma mun iya.

Saboda haka ina roƙon shugaban jami'armu, ranka ya daɗe, da kada ka saurari masu zuga. Na ji ana raɗe-raɗin wai za a sa wa laburare sola ta kansa, a yi feshin gara, a buɗe ɗakin ajiya, a sayi littattafan da za su kwana a gidan, har wai a tilasta mana mu malamai mu riƙa ba da aikin da sai an hau bene. Ranka ya daɗe, wannan fitina ce. Yaron da ya karanta littafi biyu zai gane handawut ɗina daga ina ta fito. Wanda ya karanta biyar zai fara tambayar inda kason laburare ya shiga. A bar kaza cikin gashinta. Ma'aikatan nan kuma, irin jami'in da ya ba ni kujera, waɗanda suka yi shekaru suna rubuta takardar neman maganin ƙwari ana ce musu babu kuɗi, a ci gaba da ba su haƙuri, sun saba.

Na ji an ce baƙin za su dawo bayan shekara biyar, in komai ya tafi daidai. Mai a-kori-kura ya bar lambarsa.

Kalmar da na je nema a Bargery kuwa, na cire ta daga babi na uku gaba ɗaya, malamina bai lura ba. Mai karatu, in hanya ta biyo da kai, ka shigo ka sa albarka. Ana buɗewa ƙarfe takwas, ka zo tara da rabi, kuma ka taho da cajarka, don ba a ba da aro.